Maɓallin da Baba Bai Saki Ba

A gidanmu ba a barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa. Ba da mugun nufi ba ne, haka muka tashi muka tarar. Ka fara ba da labarin abin da ya same ka a kasuwa, kafin ka isa bakin kasuwar an riga an faɗa maka yadda labarin ya ƙare, an nuna maka mai laifi, an kuma kawo labarin wani da abin ya fi damunsa. Inna takan ce ita da shirunta aka kawo ta, a gidan ta koya. Wanda ya koya mana duka kuwa Baba ne.

Baba baduku ne a tsohon garin Agadas. Rumfarsa tana wani lungu bayan babban masallaci, inda warin jima ke tarbar mutum tun kafin ya ga ƙofa. Hannunsa ba ya tsayawa, bakinsa ma haka. Mutum zai zo a ɗinke masa igiyar takalmi, ya tafi da takalminsa a gyare, da kuma cikakken bayani a kan abin da ya lalata ƴaƴan zamani, ba tare da an ƙara masa kuɗi ba. Na sha jin haushinsa a kan wannan hali, kuma na gaje shi tsaf, mijina shaida ne.

Da na gama lakwal, wato makarantar boko, na koyi buga mashin ɗin rubutu, sai aka ɗauke ni aiki a buro, wato ofishin wata ƙungiya ta manoman albasa da masu manyan motoci. A shekarun nan salula ta fara shigowa gari, amma da ka wuce gidajen ƙarshe rezo, wato sabis ɗin waya, ya ƙare. Abin da ke haɗa mu da mutanenmu na Tabelot, can cikin duwatsu inda lambunan suke, shi ne rediyon da ake kira BLU. Akwatin ƙarfe ne a kan tebur, da wata doguwar waya da aka miƙa daga saman soro zuwa wani ƙarfe a tsakar gida, da mikro mai maɓalli a gefe. Kowace safiya akan kunna shi. Tabelot su faɗi motocin da suka yi lodi, mu faɗi waɗanda suka iso. Gidan likita na Fachi ma, can gabas cikin hamadar Tenere, a kan layinmu yake, domin motocinmu kan kai musu magani in hanya ta biyo. Tun da ni ce ƙarama a buron, kuma ni ce ba ta da wurin zuwa da safe, rediyon ya zama nawa.

Dokarsa guda ce, kuma yaro ma zai riƙe ta. Hanyar ɗaya ce, kamar lungun unguwarmu in jaki mai kaya ya shiga, sai ya fita wani ya shiga. Ka danna maɓalli, kai ke magana, kuma muddin yatsanka na kai kurma ne kai, domin rediyon yakan toshe kunnensa ya ba bakinsa duk ƙarfinsa. Ka gama, ka ce "à vous", wato magana ta koma wurinka, sannan ka ɗauke yatsa. A nan ne kawai za ka ji na can. In ku biyu kuka danna tare, kowa ya yi ta zuba, ba wanda ya ji wani.

Na ce yaro zai riƙe ta, ban ce dattijon Agadas zai riƙe ba. Matsalar daga gaisuwa take farawa. Mu ba ma gaisawa bi da bi. Mutum biyu sun haɗu, kowa ya sunkuyar da kai yana jero tasa, ina kwana, lahiya lau, ina gajiya, ina gida, ina zahi, duk a lokaci guda, murya a kan murya. Ba mai jiran amsa, domin kowa ya san amsar. Ko bangon gidanka ne ya faɗi jiya, lahiya lau za ka ce, sai an zauna tukuna. To, ɗan kasuwa zai zo buro yana son magana da mai lambunsa a Tabelot. In yi masa bayani, ya ce ya gane. Ya danna, na can ma ya danna, su gaisa da akwatuna biyu kurame har su ƙoshi. Su saki tare. Shiru. Kowa ya zaci ɗan'uwansa ya yi fushi. Su sake dannawa tare don ba da haƙuri. A ƙarshe mutumin ya miƙo mini mikro yana cewa mashin ɗinmu ya lalace, ya kamata mu kira mai gyara.

Abu na biyu da mutane suka ƙi yarda da shi shi ne, duk wanda ya kunna rediyonsa a kan layin yana jin komai. Na ga mutumin da ya juya mini baya, ya kāre baki da rawani, ya rage murya don kada in ji, sannan ya faɗa wa rabin Abzin da Tenere asirin gidansa.

Daga baya aka kawo mana ordinata, wato kwamfuta, da wani ɗan akwati mai suna modem, don a riƙa tura rubutu ta rediyon. Wani ma'aikaci ya zo daga Yamai ya haɗa wayoyin, ya zaunar da ni gaban fitilun akwatin ya ce in koyi karanta su. Uku na riƙe. In ordinata tana da saƙo, ba ta afka wa hanya haka nan. Sai fitilar da aka rubuta wa RTS ta kama, wato tana cewa ina da magana. Modem ya duba wata fitilar, DCD, wadda ke kamawa in ya ji muryar wani a kan layi. In tana kunne, sai a jira. In a kashe take, ya danna wa rediyo maɓalli da kansa, ya ɗan dakata har rediyon ya gama juyawa daga sauraro zuwa magana, sannan ya kunna CTS, wato bismillah. Ordinata ta tura guntun saƙo, ba duka ba, ta janye, ta yi shiru har na can ya ce ya ji. In bai ji ba ta maimaita, ba fushi, ba gori. Sallama ce irin ta ƙofar zaure, ka yi ka tsaya sai an amsa. Nakan zauna ina kallon fitilun suna ƙiftawa bi da bi, ina jin wata irin kunya, don akwatin da bai kai kwanon sha ba ya fi zuriyarmu kaf ladabi.

Ranar da na fara gane wannan na koma gida da murnata zan ba Baba labari. Ban kai ga fitila ta biyu ba ya karɓe zancen. Ya bayyana mini cewa duk wannan ba sabon abu ba ne, madugan ayari sun san shi tun kafin Nasara ya zo, daga nan ya wuce zuwa tsadar fata.

Baba yana da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya, muna kiransa Baba Ƙarami. Ina ƴar ƙarama sosai na san shi, abin da na riƙe kawai dogon mutum ne mai ɗaga ni sama. Tare suke ɗinki a rumfa, har wata shekara ya bi ayarin gishiri zuwa Fachi da buhun takalma. Ya dawo, ya sake komawa, a karo na gaba ya zauna. Ya yi aure a can, ya samu ƴan itatuwan dabino. Baba bai so ba, amma ya haƙura. Abin da ya raba su rasuwar kakarmu ce. An aika masa tana kwance, bai iso ba sai da aka yi sadakar arba'in aka watse. Inna ta ce ya shigo zaure da ƙurar hanya a jikinsa, ya durƙusa, ya ce, "Yaya, abin da ya hana ni..." Baba ya ce ba sai ya faɗa ba. Daga nan Baba ya yi magana tun bayan la'asar har aka kira magariba. Baba Ƙarami ya tashi ya yi salla, ya kwana a gidan wani abokinsa, ya bi mota ta farko da ta nufi gabas. Bai sake taka Agadas ba, kuma har yau ba wanda ya san abin da ya hana shi.

Wai sun yanke zumunci ke nan. Sai dai duk shekara in ayari ya dawo akan sauke mana buhun dabino ba tare da an ce daga wa ba. Baba ya ce shi ba ya cin dabinon Fachi, yana sa masa ciwon haƙori. Inna ce ke share ƙwallayen daga ƙarƙashin tabarmarsa. In ayari zai tafi kuma, Baba kan ba madugu takalma ƙafa biyu, ya ce kwantai ne, sun ƙi sayuwa, a ba duk wanda suka yi wa daidai. Mutum guda suke yi wa daidai a duk Fachi, kuma kowa a rumfar ya ga lokacin da aka yanka fatar.

Haka aka yi ta tafiya har na girma na kama aiki. Wata safiya, bayan Tabelot sun gama lissafa motocinsu, sai muryar majo, babban ma'aikacin gidan likita na Fachi, ta shigo. Ya tambaya ko ni ce ɗiyar baduku na bayan masallaci. Na ce ni ce. Ya ce ƙanen mahaifina yana kwance a wurinsu, ƙirji ne, kuma ba zai ɓoye mini ba, jikin ya yi nisa, ba zai ɗauki hanyar Agadas ba. Ya ce majinyacin abu guda yake roƙo, a kawo masa yayansa gaban rediyo gobe da safe. Sannan ya ƙara da cewa batirinsu mai caji da hasken rana ya tsufa, sauraro ba ya cin komai amma magana tana shanye shi, don haka a taƙaita. Na ce na ji. A raina na ce wannan bawan Allah bai san gidan da yake cewa a taƙaita ba.

Na sami Baba a rumfa yana huda fata. A karon farko a rayuwata na kai ƙarshen magana a gabansa, kuma hakan ya tsorata ni fiye da saƙon. Ya ci gaba da huda. Can ya ce shi ba ya magana da akwati. Ya ce wanda ke son ganinsa ya san hanyar rumfa. Ya ce shekara nawa, sai yanzu. Na ce, "Baba, mutuwa zai yi." Ya ce kowa ma mutuwa zai yi. Na tashi na bar shi, raina a ɓace, ina jin da ba ubana ba ne da na faɗa masa abin da ba zai manta ba.

Washegari na iso buro na tarar da shi zaune a kan benci a ƙofa, cikin babbar rigarsa ta Juma'a, alhali ranar ba Juma'a ba ce. Ya ce wucewa yake, ya ga igiyar takalmin mai gadinmu ta kusa tsinkewa, shi ya sa ya tsaya. Mai gadin takalmin roba ne a ƙafarsa.

Na shigar da shi, na zaunar da shi gaban rediyo, na ba shi mikro a kashe don ya gwada.

Na ce, "Baba, ka danna nan ka yi magana kaɗan. In ka gama ka ce à vous, ka saki. In ba ka saki ba, ba za ka ji shi ba."

Ya ce, "Ke, mi za ki koya mini? Tun ba a haihe ki ba nike magana."

"Na sani, Baba. Sakin nake nuhi."

"To na ji. Kunna."

Na kunna. Na roƙi Tabelot su ba mu hanya tukuna, mai rediyonsu ya ce ba komai. Wani mutum ne mai sanyin murya da na shekara ina magana da shi kullum ban taɓa ganin fuskarsa ba. Na kira Fachi. Majo ya amsa, ya ce an ɗauko majinyacin a kan tabarma, ga shi nan, ya miƙa masa mikro. Na miƙa wa Baba namu.

Abin da na ji tsoro shi ya faru. Baba ya danna ya shiga ina kwana, ina gajiya, ina jiki, yana sunkuyar da kai yana amsa wa kansa lahiya lau. Da ya ɗan sassauta yatsa don ya gyara zama, sai wata murya ta faɗo daga akwatin, a shaƙe, guntuwa, ta ce "...lau", ta ɗauke. Wutsiyar gaisuwar Baba Ƙarami ce, shi ma can yana ta gaishe da nasa akwatin. Na ce, "Jira, Baba, bari shi..." Ya riga ya sake dannawa.

Da gori ya fara, kamar yadda na zata. Ya tuna masa yadda ya goya shi, yadda ya koya masa riƙon basilla, yadda uwarsu ta yi ta kallon ƙofa. Na miƙa hannu zan taɓa yatsansa, ya buge hannun ba tare da ya dube ni ba. Ya ci gaba. Amma a hankali muryar ta sauya. Ya ce rumfa ta yi masa faɗi. Ya ce har yanzu bai ba kowa wurin zamansa ba, buzun yana nan a naɗe. Ya ce dabinon shi ke cinyewa, ƙarya yake yi da ya ce ba ya ci. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar, suna gangarowa cikin gemunsa, yatsansa ya yi fari a kan maɓalli saboda matsa shi. Sannan ya ce, "Ranar nan da ka zo, ban bar ka ka gama ba. Ni na yi kuskure. Na yahe maka duniya da lahira. Kai ma ka yahe mini." Ya dube ni kamar yaron da ya manta karatu. Na motsa masa baki. Ya ce, "À vous," ya ɗauke yatsa.

Ba abin da ya fito sai shuuu ɗin iska. Baba ya kafa wa akwatin ido ya jira. Wallahi ya jira, jira irin wanda ban taɓa sanin yana da shi ba. Ni ma na yi shiru, ina tunanin mara lafiya ne, numfashi yake tarawa. Shirun ya yi tsawo. Aka ji wani ɗan ƙas, shi ke nan. Na karɓi mikro na kira Fachi, na sake kira, na kira har muryata ta fara tsinkewa. Ba amsa.

Baba ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. Ya ce, "Ya ji, ya ƙi amsawa. Hakkinsa ne." Ya nufi ƙofa.

Sai muryar nan mai sanyi ta mai rediyon Tabelot ta shigo. "Agadez, Agadez, ici Tabelot. Ku yi haƙuri, ban so in sa baki cikin zancen gida ba. Amma ku gaya wa Baba, tare suka yi magana. Tun daga farko har ƙarshe, tare. Ni nan ina jin su duka biyu, murya kan murya. À vous."

Baba ya dawo da sauri ya fizge mikro. Ya danna ya ce mi ya ce, mi ya ce, don Allah mi ya ce, yana ta tambaya yana girgiza mikron, yatsa a kan maɓalli. A wannan karon ban nemi izini ba, na kama babban yatsansa da hannu biyu na ɓamɓare shi.

Mutumin Tabelot ya ce, "Baba, kusan abin da ka ce shi ya ce. Da ƙorafi ya soma, shi ma. Sannan ya yi dogon bayani a kan abin da ya tsare shi shekarar da tsohuwa ta rasu. Wannan ban kama shi ba, muryarka ta hi ƙarhi, ta ruhe shi. Na dai ji ya ambaci takalma, ya ce duka suna nan. A ƙarshe ya ce ya yahe maka, kai ma ka yahe mishi. Wannan na ji shi sarai. À vous."

Baba ya gyara riƙon mikro. Sannan ya danna, ya yi tambayar da har gobe in na tuna ta sai in rasa ko dariya zan yi ko kuka. Ya ce, "Wa ya riga hwaɗi?" Ya kuma saki da kansa.

"Baba, ban iya rabewa ba. Kamar tare kuka hwaɗa."

Baba ya gyaɗa kai, kamar an yi masa hukuncin da zai iya zama da shi.

Amma ya gane abin da ya rage, tun kafin in faɗa. Shi ya ji, ta bakin Tabelot. Ƙanensa bai ji komai ba, kuma rediyon Fachi ya mutu. Ranar rumfa ba ta buɗu ba. Baba ya wuni a buronmu a kan benci, salla kawai ke tada shi, ni kuma ina kiran Fachi lokaci zuwa lokaci ba amsa. Da rana na tura wa Tabelot jerin motoci ta modem, Baba ya matso yana kallon fitilun. Ya tambaye ni me suke yi. Na sake yi masa bayanin nan da ya katse a gida, ta neman izini, ta jira, ta bismillah, guntun saƙo sannan shiru. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Guntu-guntu ke nan." Na ce eh. Sai ya koma benci ya shiga shirya nasa guntun. Ina jinsa yana maimaitawa ƙasa-ƙasa, yana danna yatsa a gwiwarsa yana ɗagawa: "Na yahe maka. À vous." Ya gwada ƙara ina kwana a gaba, ya ga ta yi tsawo, ya cire. Mutumin da bai taɓa rage kalma don kowa ba ya wuni yana yanke maganarsa kamar yana fidda ƙafar takalmi daga fata.

Da safe ya riga mai gadi zuwa. Na kunna rediyo, na miƙa masa mikro, ya riƙe shi yatsa a sama, bai taɓa maɓallin ba. Ba mu daɗe ba Fachi suka shigo. Majo ya ce batir ya wuni yana shan rana kafin ya farfaɗo, shi kuma da yamma yana kan majinyaci. Sannan ya yi mana ta'aziyya. Ya ce Allah ya karɓi abinsa jiya gab da magariba, za a kai shi yanzu da hantsi.

Na yi salati. Baba ya yi a hankali. Majo bai ce à vous ba tukuna, ya ci gaba. Ya ce yana so iyalin su sani mutumin ya tafi da farin ciki. Ya ce jiya da ya ga zancen na ƴan'uwa ne, sai ya koma bakin ƙofa ya ba shi wuri, bai ji abin da aka faɗa ba. Da ya dawo ya tarar majinyacin ya saki maɓalli, ya kara kunne a jikin akwatin yana sauraron shiru, yana murmushi. Majo ya karɓi mikro zai kira mu, yana dannawa rediyon ya ɗauke. Ya ce ya so ya ba shi haƙuri, amma majinyacin ya ce ba komai, buƙata ta biya. Ya ce masa, "Yayana ke nan. Tun muna yara bai taɓa bari na gama magana ba sai yau. Ka ji shi? Ko uffan bai ce ba. Ya saurare ni har ƙarshe." Majo ya ce marigayin ya maimaita wannan ga matarsa, ya maimaita ga duk wanda ya shigo duba shi, har barci ya ɗauke shi.

"Ku gaya wa yayansa ya yi babban alheri. À vous."

Layin ya buɗe. Na san Tabelot na ji, na san duk wanda ke kan layin jiya yana ji, kuma ba wanda ya danna. Baba yana riƙe da mikro, guntun saƙonsa a shirye, yatsansa a sama da maɓalli. Na jira shi. Iska ta yi ta shuuu a cikin akwatin. Daga ƙarshe ya ajiye mikron a kan tebur a hankali, ya tura mini shi. Na danna na ce mun ji, mun gode, Allah ya jiƙansa, Allah ya ba su ladan jinya. Ban gyara wa majo labarinsa ba, Baba ma bai ce in gyara ba.

Na raka shi gida don a buɗe zaure a shimfiɗa tabarmin karɓar gaisuwa. Muka bi lungunan tsohon gari, yana gaba ina baya, bai ce komai ba, har mutane na gaishe shi suna juyowa suna kallonsa. Da muka zo daidai rumfarsa ya tsaya, ya dafa ƙofar da ke kulle.

Ya ce, "Ɗiyata, da na saki, da na ji muryarshi?"

Na ce, "Da ka ji, Baba."

Ya tsaya yana dubana, yana jira ko akwai saura. Babu saura.